Tsagewar Ƙashi a Tsakanin Matasanmu Masu Wasanni: Sanadinta da Hanyar Magance Ta

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na 'yan asalin Ɗandamisa





Batun da muka zaɓa bana ya shafi lafiyar samari da 'yan matanmu masu sha'awar wasannin motsa jiki. Kowa ya san jiharmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Kaduna ta karɓi baƙuncin gasar wasanni ta ƙasa a 1977 da kuma 2009, sannan a cikin 'yan ƙwallon da suka ciyo wa Nijeriya lambar zinariya a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 akwai haifaffun Kaduna irin su Daniel Amokachi da Garba Lawal da Tijjani Babangida. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ga yaron Ɗandamisa ko Gazara ko Gimi ko Gubuci yana burin bin sahunsu. Ga kuma wani rukuni na samarinmu masu neman shiga aikin soja ko ɗan sanda, waɗanda ake gani da asuba suna gudu a bakin titi da zarar an ji labarin za a ɗauki kurata.

A cikin waɗannan yara akwai waɗanda burinsu ke yankewa saboda wani ciwo da ba a cika ba shi muhimmanci ba. Yaro bai faɗi ba, ba a taka shi ba, babu wanda ya buge shi, amma sai ya fara kukan ƙwauri ko bayan ƙafa, a ce masa gajiya ce ko ragwanci, ya ci gaba da gudu har ranar da ƙafar za ta ƙi takuwa. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira tsagewar ƙashi ta dalilin yawan aiki. Saƙonmu a kansa guda ɗaya ne: ƙashi yana ƙara ƙarfi idan aka ɗora masa aiki sannu a hankali, yana kuma tsagewa idan aka yi masa gaggawa, kuma haƙurin makonni kaɗan a farkon ciwo ya fi jinyar shekara guda sauƙi.

Yadda ƙashi yake rayuwa

Da yawanmu muna ɗaukar ƙashi tamkar busasshen itace. Haƙiƙa ƙashi abu ne mai rai, jini yana ratsa shi, kuma kullum cikin gyara yake. Babban mutum yana da ƙasusuwa 206, daga ciki 26 suna cikin kowace ƙafa daga idon sawu zuwa yatsu. A cikin kowane ƙashi akwai ƙwayoyin halitta iri biyu masu aiki tare: wasu suna kankare inda ya tsufa ko ya yi 'yar tsaga, wasu kuma suna bi suna cike gurbin da sabo.

Wanda ya taɓa gyaran katangar ƙasa bayan damina zai fahimci wannan. Kankare tsohon yaɓe aikin yini ɗaya ne, amma kwaɓa ƙasa da yaɓawa da jiran ta bushe yana ɗaukar kwanaki. Haka abin yake a jiki. Kankarewar takan ɗauki makonni biyu zuwa huɗu, cikewar kuwa sai ta kai wata uku ko fiye. A tsakanin nan ƙashin ya fi kowane lokaci rauni. Idan aka ba shi hutu da abinci, sai ya fito ya fi da ƙarfi, kamar yadda wani likitan Jamus mai suna Julius Wolff ya bayyana a 1892, cewa ƙashi yana sake fasalinsa gwargwadon nauyin da ake ɗora masa. Idan kuwa aka ci gaba da dukansa da ƙasa kowace rana, sai ƙananan tsagogin da ido ba ya gani su haɗu su zama tsaga guda, daga nan kuma sai karaya. Hausawa sun ce yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Akwai wani abin lura. Numfashi da tsoka suna sabawa da gudu cikin makonni kaɗan, ƙashi kuwa yana baya. Wannan ne ya sa ciwon yakan bayyana daidai lokacin da yaro ya fara jin ya yi ƙarfi, wato makonni kaɗan bayan ya ƙara yawan atisaye, ya daina haki, yana ganin babu abin da zai gagare shi.

Ciwo mai tsohon tarihi

A wurin sojoji aka fara gane wannan ciwo. A 1855 wani likitan soja mai suna Breithaupt, a ƙasar da take cikin Jamus ta yau, ya rubuta bayanin kumburi da ciwon ƙafa da ke kama sojoji bayan doguwar tafiya. Bayan an gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a 1895, sai a 1897 hoto ya tabbatar cewa ƙananan ƙasusuwan ƙafa ne ke tsagewa. Har yau likitoci suna kiran wannan nau'i da karayar maci. Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin makarantar horar da kuratan sojoji ta Zariya, wadda aka kafa a 1924, a maƙwabtanmu take, kuma 'ya'yanmu suna cikin masu neman shiga kowace shekara. Yaron da ya tsaga ƙashinsa a titi mako biyu kafin ranar tantancewa ya kori kansa tun kafin a kira sunansa.

Manyan 'yan wasan duniya ma ba su tsira ba. Paula Radcliffe ta Ingila, wadda ta kafa tarihin gudun fanfalaki na mata a birnin Landan a 2003, ta gamu da tsagewar ƙashin cinya a 2008, watanni kaɗan kafin gasar Olamfik ta Bejin, ta je a haka, ta ƙare a matsayi na 23. Yao Ming, shahararren ɗan ƙwallon kwando na ƙasar Sin, ya ajiye wasa a 2011 yana ɗan shekara 30, bayan ƙashin ƙafarsa ta hagu ya yi ta tsagewa. Idan masu likitoci na musamman da dukiya sun sha wannan wuya, ina ga yaronmu mai gudu da takalmin gwanjo?

Abubuwan da ke jawo shi a wurinmu

Na farko kuma mafi girma shi ne gaggawa. Yaro ya yi wata shida bai yi gudu ba, sai a ji sanarwar ɗaukar aiki, ya tashi ya fara kilomita goma kullum safe da yamma. A makarantu da dama ba a fara atisayen gasar gidaje sai saura mako biyu. Gasar ƙwallon unguwanni kuma, musamman ta lokacin bukukuwan salla, akan cunkusa wasanninta cikin kwanaki kaɗan, yaro ɗaya ya buga wa ƙungiya biyu ko uku. Sauri ya haifi nawa.

Na biyu shi ne ƙasa da takalmi. Da rani filayenmu suna bushewa su yi tauri kamar daɓe, kwalta kuwa ta fi su. Sauya wurin gudu kwatsam daga turɓaya zuwa titi, ko sa takalmin ƙwallo mai ƙusoshi a kan busasshen fili, ko gudu da kambas wanda ƙasansa ya riga ya cinye, duk suna ƙara wa ƙashi nauyi.

Na uku shi ne abinci. Mai gudu yana ƙona abinci fiye da mai zama, kuma idan abin da ke shiga bai kai wanda ke fita ba, jiki yakan rage gyaran ƙashi. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya a kan wannan ƙarancin abinci ga 'yan wasa, ya nuna cewa yana shafar maza da mata. Ga 'yan mata akwai alama bayyananniya: idan jinin al'ada ya ɗauke wata uku ga yarinya mai atisaye ba tare da juna biyu ba, to, iyaye mata su kai ta asibiti, domin ƙashinta yana cikin haɗari. Haka kuma mai atisaye cikin azumi ya rage nauyinsa, ya mayar da shi bayan buɗa-baki.

Sai batun sinadarin kalsiyam, wanda shi ne tubalin ƙashi. Matashi daga shekara 9 zuwa 18 yana bukatar kimanin miligiram 1,300 a rana, babba kuwa 1,000, kuma kofi ɗaya na madara yana ɗauke da kimanin 300. Binciken da aka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna cewa lanƙwashewar ƙafafun yara a yankinmu ta fi alaƙa da ƙarancin kalsiyam a abinci, domin rana mai ba da bitamin D muna da ita. Wani binciken da aka buga a 2008 kan mata kuratan sojan ruwa na Amurka fiye da 5,000 ya gano cewa waɗanda aka ba kalsiyam da bitamin D sun sami raguwar tsagewar ƙashi da kashi 20 cikin ɗari. Mu kuwa maganin yana tsakar gidanmu: nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi, tamba, wake, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Mafi yawan ƙarfin ƙashin mutum kafin shekara 20 ake tara shi, saboda haka furar da aka dama wa yaro da nono yau ajiya ce ta tsufansa.

Na huɗu shi ne ƙwayoyi. Taba tana jinkirta warkewar ƙashi. Magungunan sa ƙiba irin su dezametason, waɗanda ake sha ba da izinin likita ba, suna cinye ƙashi sannu a hankali. Tiramadol kuma yana rufe ciwo, sai yaro ya yi ta gudu a kan tsagaggen ƙashi bai sani ba. Masu burin zama ƙwararru su sani cewa hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta tiramadol a lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024.

Yadda za a gane shi

Gajiyar tsoka ta yau da kullum tana bazuwa a wuri mai faɗi, tana kama ƙafafu biyu, tana sauƙi idan jiki ya yi ɗumi, kuma tana wucewa cikin kwana biyu ko uku. Ciwon ƙashi kuwa yana tsayawa wuri guda, har yaro ya iya nuna shi da yatsa ɗaya, kuma idan aka danna wurin sai ya zabura. Da farko yana zuwa ne a ƙarshen gudu, daga baya ya riƙa zuwa tun farkonsa, sannan ya kai ga ko tafiya ta zama ɗingishi, har da dare yana zogi. Wani lokaci akan ga ɗan kumburi. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙwauri, da dogayen ƙasusuwan bayan ƙafa masu zuwa yatsu, da dunduniya, da cinya, da ƙugu, da ƙasan gadon baya.

Akwai gwaji mai sauƙi da duk wanda ya yi langa ya sani. A ce wa yaro ya tsaya a kan ƙafar da ke ciwo ya yi ɗan tsalle. Idan ya kasa, ko ciwon ya soke shi a wurin nan guda, to a dakatar da atisaye a nufi asibiti. Amma idan ciwon a matsematsi yake ko cikin kwatangwalo, kada a yi wannan gwaji ko kaɗan, a hana shi taka ƙafar, a kai shi a ranar.

Dalilin wannan tsananin shi ne, likitoci sun kasa wannan ciwo gida biyu. Akwai wuraren da ke warkewa da hutu kawai, kamar gefen ciki na ƙwauri da ƙasusuwan tsakiyar ƙafa, yawanci cikin mako shida zuwa takwas. Akwai kuma wurare masu haɗari, inda jini bai wadata ba ko nauyin jiki ke buɗa tsagar: wuyan ƙashin cinya kusa da kwatangwalo, da gaban ƙwauri, da wani ɗan ƙashi a saman tsakiyar ƙafa, da tushen ƙashin da ke zuwa ƙaramin yatsa. Waɗannan suna iya bukatar filasta da sandunan dogarawa na watanni, ko ma tiyata. Idan wuyan ƙashin cinya ya ƙarasa karyewa ya goce, kan ƙashin yana iya mutuwa saboda yankewar jini, matashi ya nakasa har abada.

A lura kuma cewa hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya nuna komai a makonni biyu ko uku na farko. Don haka idan an ce hoto bai nuna karaya ba alhali ciwo yana nan, a bi shawarar likita, a huta, a sake hoton, ko a yi na na'urar MRI wadda ke gani tun da wuri. Bugu da ƙari, ba kowane ciwon ƙashi ne na gudu ba. Ciwon sikila ya yawaita a ƙasarmu, ga ƙwayoyin cuta masu shiga ɓargo, ga ƙari. Zazzaɓi, ko rama, ko kumburi mai girma, ko ciwon da hutu ba ya rage shi, duk alamu ne na a gaggauta ganin likita. Yara 'yan shekara 8 zuwa 15 kuma sukan yi ciwon dunduniya ko ƙasan gwiwa a inda ƙashi ke tsawo. Wannan yakan wuce idan an rage musu wasa, amma duka da zagi ba sa warkar da shi.

Jinya da komawa fili

Matakin farko shi ne dakatar da abin da ya jawo ciwon, wato gudu da tsalle. Wannan ya haɗa da ayyukan gida masu nauyi, domin babu amfanin hana yaro ƙwallo sannan a tura shi dakon rake ko turin kurar ruwa. Mataki na biyu shi ne zuwa asibiti. A fara da babban asibitin Maƙarfi ko na kusa, idan bukata ta taso a wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Muna girmama masu ɗorinmu na gargajiya, sana'a ce ta gado, kuma su ne mafi kusa da talaka. Sai dai a wannan ciwo ƙashin bai rabu ba, bai goce ba, babu abin da za a ja ko a miƙe. Murza da ja suna iya ƙarasa tsagar, ɗauri mai tsanani da karare kuma yana iya tsayar da jini har a rasa ƙafa. Muna roƙonsu, idan aka kawo musu matashin da bai faɗi ba amma yana ɗingishi, su tura shi a ɗauki hoto tukuna.

Game da maganin ciwo, likitoci da dama sun fi son farasitamol a kan irin su diklofenak da ibufurofen, saboda tsoron kada su jinkirta haɗewar ƙashi. Ko wanne aka sha, kada a sha shi don a samu damar buga wasa. A lokacin jinya mai ciwo zai iya kiyaye numfashinsa da tuƙa keke da motsa sauran gaɓoɓi, idan likita ko ma'aikacin gashin ƙashi ya yarda. Iyo ma yana da kyau, amma ban da kududdufi, kada a gudu daga ciwon ƙashi a faɗa wa tsargiya.

Komawa fili sai an yi kamar mako biyu ana tafiya ba tare da ciwo ba, kuma danna wurin ya daina zafi. Sannan a fara da minti ɗaya na sassarfa, minti huɗu na tafiya, a kan ƙasa mai laushi, yau a yi gobe a huta. Idan ciwo ya dawo, a koma baya mataki ɗaya. Masu horarwa suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, cewa kada ƙarin mako ya wuce kashi goma cikin ɗari, wato wanda ya yi kilomita 20 a wannan mako kada ya wuce 22 a mai zuwa. Ya kuma ware aƙalla yini guda na cikakken hutu a mako, ya samu barci isasshe.

Kiranmu ga 'yan'uwa mazauna birane

Ku ne ke sayen kofi da riguna, ku ne ake bugo wa waya idan yaro yana neman aiki ko ya kwanta ciwo, saboda haka maganarku tana da nauyi. Muna ba da shawarwari guda biyar.

Na ɗaya, duk wanda zai ɗauki nauyin gasa ya gindaya sharaɗin a bar aƙalla kwana biyu tsakanin wasa da wasa ga kowace ƙungiya, kuma kada yaro ya buga wa ƙungiya fiye da ɗaya.

Na biyu, wanda ke da ƙane ko ɗa mai niyyar shiga aikin ɗamara ya sa shi fara shiri wata uku zuwa huɗu kafin lokaci, daga tafiya zuwa sassarfa zuwa gudu. Kada a jira fitowar sanarwa.

Na uku, idan za a aiko da kyauta, takalmin gudu mai kyau daidai ƙafa ya fi riga mai tsada amfani. Kuɗin nono da ƙwai na wata guda ma kyauta ce.

Na huɗu, 'ya'yanmu likitoci da ma'aikatan lafiya, ciki har da waɗanda suka yi karatu a makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi, su ware yini guda a shekara su zauna da malaman wasanni da masu horar da ƙungiyoyin unguwa da masu ɗori, su koya musu waɗannan alamomi. Ana iya gayyatar maƙwabtanmu na Ikara da Kudan.

Na biyar, ƙungiya ta duba yiwuwar ware wani abu a asusunta domin kuɗin mota da na hoto ga yaron da iyayensa ba su da hali, tunda sau da yawa rashin kuɗin zuwa Zariya ne ke mayar da ciwon mako shida ya zama nakasa.

Ku ma kanku abin bai bar ku ba. Magidancin da likita ya umarta da motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon sukari, ya fara da tafiya, kada ya tashi rana ɗaya ya ce zai yi tsere da 'ya'yansa a kan kwalta. Iyaye mata da suka daina al'ada su ƙara kula, domin ƙashinsu yana raguwa da sauri a waɗannan shekaru.

Ga matasanmu kuma muna cewa, faɗin ciwo ba ragwanci ba ne. Gasar bana idan ta wuce akwai ta baɗi, ɗaukar aiki ma yana sake zagayowa, amma ƙafa biyu kacal aka ba kowa. Sannu ba ta hana zuwa.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.